Wai Me Za A Ci Da Tarihi? Martani Ga Masu Hana Yaranmu Haɗa Karatun Lauya Da Na Tarihi

'Yan uwana mazauna Kurmi, tun daga Agege da Idi-Araba har Sabon Badun, Shagamu, Abakuta, Anacha, Inugu da Fatakwal, ina gaishe ku da fatan ana cin kasuwa lafiya, Allah ya sa haka, amin.

Maganata ta yau da iyayenmu ce da kuma masu hannu da shuni na cikinmu, kuma tun da wuri ina neman afuwa domin ba mai daɗin ji ba ce. Akwai wata tambaya da ta zame mana jiki a zango, wadda da zarar yaro ya ce tarihi yake son karantawa sai a jefe shi da ita: "To, me za a ci da tarihi?" In kuwa yaron ya riga ya gama karatun lauya, sannan ya ce zai koma jami'a ya ƙaro babban digiri a fannin tarihi, to nan ne za ka ji ana cewa boko ya taɓa masa kai, ko kuma tsoron fita neman na kansa yake yi. Kwanan baya haka aka yi wa wani yaro a unguwarmu, manya suka taru a kansa har sai da ya janye maganar. Ni kuwa a nawa ganin, duk faɗin Nijeriya babu al'ummar da ta kai mu bukatar mutumin da ya haɗa ilmin shari'a da na tarihi a ƙirji ɗaya, kuma wannan hanawa da muke yi ganganci ne wanda filayenmu da kasuwanninmu da makomar jikokinmu za su biya kuɗinsa.

Bari in fara da bayanin irin karatun da nake nufi, don kada a ce ina sayar da kaya a cikin buhu. A Amurka ne wannan tsari ya fi kafuwa. A can ba a shiga karatun lauya sai mutum ya gama digirin farko a wani fanni, sannan ya yi shekara 3 ya sami digirin da suke kira JD. Digirin digirgir a fannin tarihi kuma yakan ci shekara 5 zuwa 7. Sai manyan jami'o'i irin su Yale, Harvard, Columbia, Stanford da Pennsylvania suka buɗe ƙofar a haɗa biyun, ta yadda wasu darussan da ɗalibi ya yi a wannan sashe za a lissafa masa su a wancan, lokaci ya ragu. A Jami'ar Virginia ma ana iya haɗa digirin lauya da digiri na biyu a tarihin shari'a cikin shekara 3 ɗin nan. Wanda ya fito daga irin wannan horo ya san yadda ake shiga ɗakin ajiyar tsofaffin takardu a tono abin da aka binne shekara ɗari, ya kuma san yadda ake ɗora abin da aka tono a gaban alƙali ya karɓu a matsayin hujja. Waɗannan sana'o'i biyu ne daban, kuma ba kasafai ake samun mai su duka ba.

Kada kuma wani ya ɗauka baƙon abu ne da Nasara suka ƙago. Ibn Khaldun, wanda ya rubuta Muƙaddima a 1377, wanda kuma har gobe masana tarihi na duniya ke sara masa, shi ne aka naɗa babban alƙalin Malikiyya a Alƙahira a 1384. Alƙali ne, masanin tarihi ne, kuma babu wanda ya tambaye shi me zai ci da tarihi.

To me ya haɗa mai sayar da goro a Shagamu ko dillalin shanu a Agege da wannan? Mai karatu, ɗauko Tsarin Mulkin 1999 mu duba tare. Sashe na 41 ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin ya zauna duk inda ya ga dama a ƙasar. Sashe na 42 ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabilarsa ko mahaifarsa ko addininsa. Sashe na 43 ya ba shi damar mallakar fili ko gida a ko'ina. Amma wannan kundin dai, a sashe na 147, ya ce dole a naɗa minista daga kowace jiha wanda yake ɗan asalin jihar, sannan a sashe na 318 ya bayyana cewa ɗan jiha shi ne wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ko ɗaya daga cikin kakanninsa ya fito daga al'ummar da take 'yar asalin jihar. Wace al'umma ce 'yar asali? Tun daga wace shekara ake fara ƙirga asalin? Kundin ya yi gum. Kalmar da ke hana ɗanka takardar indijin, ta hana shi gurbin karatu da tallafin jiha da aikin gwamnati, doka ce ta kawo ta amma ba ta fassara ta ba, ta bar wa shugabannin ƙananan hukumomi su fassara yadda suka so. Tambayar ta shari'a ce, amsarta kuwa tana cikin tarihi. A 2025 Mataimakin Kakakin Majalisar Wakilai, Benjamin Kalu, ya kawo ƙudurin da zai ba wanda ya shekara 10 a jiha damar zama ɗan jihar, aka yi masa ca har ya janye shi. Don Allah a cikin wannan muhawara da ta shafe mu fiye da kowa, mutum nawa daga zangunanmu aka ji sun fito da rubutacciyar hujja?

Mu koma kan fili, inda nan ne gizo ke saƙa. A shari'ar Idundun da Okumagba ta 1976, Kotun Ƙoli ta jera hanyoyi 5 da mutum zai tabbatar da cewa fili nasa ne: tarihin gargajiya, takardun mallaka, ayyukan da ke nuna iko da filin na tsawon lokaci, daɗewa ana riƙe da shi ana amfani da shi, da kuma mallakar filin da ke maƙwabtaka da shi. Dubi wadda ta zo a farko. Dokar shaida ta ƙasar nan ta yarda a karɓi labarin baka na dangi ko na al'umma a kan filin gado, amma kotu ba tatsuniya take so ba. Sai ka faɗi wanda ya fara saran wurin, yadda ya same shi, da sunayen waɗanda suka gaje shi ɗaya bayan ɗaya har zuwa kanka, tamkar salsalar malamai. In salsalar ta yanke a tsakiya, ƙararka ta faɗi. In kuma labarinka da na abokin shari'arka suka ci karo, akwai ƙa'idar da aka kafa a shari'ar Kojo da Bonsie ta 1957, wadda ta taso daga ƙasar Gana kuma kotunanmu ke bi har yau: za a auna labaran biyu da abubuwan da suka faru a baya-bayan nan waɗanda aka tabbatar da shaida. Ma'ana rasiɗin haraji, takardar haya, wasiƙar da Sarkin Hausawa ya aika wa Joji, taswirar safiyo. Wa zai nemo su? Wa ya san a wane fayil suke kwance?

Akwai shari'ar da ya kamata a ce kowane Sarkin Hausawa a Kurmi ya san ta kamar sunansa, wato ta Abioye da Yakubu, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a 1991. Wasu Fulani makiyaya ne a jihar Kwara aka ba kakanninsu wurin zama da kiwo bisa al'ada, suna biyan masu ƙasa abin da Yarabawa ke kira ishakole. Da Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta fito ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna, sai suka ɗauka cewa tsohuwar yarjejeniya ta mutu, har suka kafa allo mai nuna wurin nasu ne. Kotun Ƙoli ta ce sam, dokar 1978 ba ta rushe dangantakar mai ƙasa da wanda aka ba aro bisa al'ada ba. Darasin kuwa kaifi biyu gare shi. A dokar gargajiya, wanda aka ba wurin zama irin wannan ba a tashinsa haka kawai, shi da zuriyarsa, muddin yana kiyaye sharaɗi. Babban abin da ke jawo masa asarar wurin shi ne ya musanta cewa akwai mai ƙasa. Ke nan kalma ɗaya da wani mai zafin kai zai furta a gaban 'yan jarida, ko allo ɗaya da matasa za su kafa da sunan kishi, na iya rusa kariyar da al'umma ta shekara ɗari tana cin moriyarta. Wanda zai gaya wa dattawa a kan wane sharaɗi aka ba kakanninsu wurin, da abin da sharaɗin ke nufi a kotun yau, shi ne mutumin da muke cewa boko ya taɓa masa kai.

Maƙwabtanmu sun daɗe da gane wannan. Tun a 1921 Amodu Tijani, Oluwa na Ikko, ya bi gwamnatin mulkin mallaka har Landan a kan filin Apapa, Herbert Macaulay na biye da shi, ya kuma yi nasara, domin alƙalan sun yarda cewa ba a gane haƙƙin ƙasa a wurin mutane sai an nazarci tarihinsu da al'adarsu. Taslim Elias, wanda ya shugabanci Kotun Duniya daga 1982 zuwa 1985, da littafi a kan dokar ƙasa da al'adun Nijeriya ya fara suna a 1951. A Kenya, tsofaffin da Turawa suka azabtar a zamanin Mau Mau sun shigar da ƙara a Landan a 2009, masana tarihi uku, Caroline Elkins da David Anderson da Huw Bennett, suka tsaya tare da lauyoyinsu, har aka tilasta wa gwamnatin Ingila a 2011 ta amsa cewa ta ɓoye tarin fayiloli a wani wuri da ake kira Hanslope Park. A 2013 ta amince ta biya fam miliyan 19.9 a kan mutum 5,228. Mu kuma nan gida mun ga ɗaya gefen. Ranar 10 ga Oktoba 2002 Kotun Duniya ta ba Kamaru yankin Bakassi, ta dogara da yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 11 ga Maris 1913. Nijeriya ta kafa hujja da cewa mutanenta ne ke zaune a wurin tun da daɗewa, kotu ta ce zama bai ture takarda ba. In ƙasa sukutum ta rasa yanki saboda takardar da ta kusa shekara 90, ina ga kasuwar tumatir?

Yanzu mu dubi kanmu. An kafa unguwar Sabo a Badun a 1916. Kafin nan ma Hausawa na Ikko, domin rundunar da Glover ya kafa a 1863, wadda sojan Nijeriya ke ɗauka a matsayin tushensa, da sunan Hausawa aka san ta. Fataken goro kuwa sun riga jirgin ƙasa, wanda bai iso Badun ba sai 1901. Amma littafin da duniya ta san Sabon Badun da shi, Abner Cohen ne ya rubuta shi, ya fito a 1969. Na fataucin goro, Paul Lovejoy ne a 1980. A gaida marigayi Farfesa Mahdi Adamu da ya fitar da nasa a 1978 a kan rawar da Hausawa suka taka a tarihin Afirka ta Yamma. To ina 'ya'yan zango? Babban gidan ajiyar takardun tarihi na ƙasa, wanda Kenneth Dike ya yi tsaye aka kafa a 1954, yana nan cikin harabar Jami'ar Badun, kuɗin mota ɗaya daga Sabo. Akwai reshensa a Inugu, akwai a Kaduna. Rahotannin Razdan da na Di'o, rigingimun sarautar zango, maganar kara da kuɗin shanu, irin takardun da ake ajiyewa ke nan a can, ƙura na cin su, mu kuma muna zaune a bakin shago muna cewa ai kowa ya san kakanninmu sun daɗe a nan. Kotu ba ta san "kowa ya sani" ba.

Kuma ba mu rasa gargaɗi ba. Shagamu a Yulin 1999, Ketu a Nuwamban 1999, Idi-Araba a Fabrairun 2002, Mile 12 a Maris na 2016, Sabon Ile-Ife a Maris na 2017, kasuwar Shasha a Badun a Fabrairun 2021. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu ta kowane ɓangare. Bayan ƙura ta lafa, sai a zauna teburin sulhu ko gaban kwamitin bincike, a fara tambayar wa ya ba da wurin, yaushe, a kan wane sharaɗi, wa ke da ikon naɗa shugaban kasuwa. Sau da yawa abin da muke zuwa da shi shi ne jerin kayan da aka ƙona da kuma hawaye. Hawaye na jawo tausayi na kwana bakwai, abin da aka rubuta a rahoto kuwa shi jikoki za su tarar.

Na san abin da za a ce, bari in amsa tun kafin a faɗa. Za a ce lokaci ya yi yawa. Mu ƙirga: digirin lauya shekara 5, Makarantar Horon Lauyoyi shekara 1, bautar ƙasa shekara 1, digiri na biyu a tarihi kamar shekara 2. Tara ke nan, in babu yajin aiki. Ko kuma yaro ya fara da digirin tarihi na shekara 4, ya shiga karatun lauya daga aji biyu. Tsarin haɗa su a zama ɗaya bai zama ruwan dare a jami'o'inmu ba, saboda haka bi da bi za a yi, a Badun ko Legas ko Zariya ko Kano. To ku gaya mini, shekara nawa yaron maigida ke yi a kara yana bin shanu da igiya kafin a sallame shi ya zama dillali mai cin gashin kansa? Shekara nawa gardi ke yi kafin a kira shi alaramma? A waɗannan ba ma ƙorafin lokaci, domin mun san darajarsu.

Za a ce kuɗi. Gaskiya ne kuɗin makarantar lauya a manyan jami'o'in Amurka ya haura dala dubu 70 a shekara, duk da cewa ɓangaren digirin digirgir galibi jami'ar ce ke ɗaukar nauyin ɗalibi har da kuɗin abinci. Kuma wanda ya karanto lauya a waje sai ya dawo ya bi ta Makarantar Horon Lauyoyi kafin ya tsaya a kotunmu. Shi ya sa na fi karkata ga hanyar gida, wanda Allah ya ba ƙoƙari ya nemi tallafi ya ƙarasa a waje. Abin da karatun gida zai ci bai kai abin da muke kashewa a bikin naɗin sarauta ɗaya ba, bai kai abin da ake tarawa ana kai wa 'yan siyasa gaisuwa ba.

Za a ce in rigima ta taso ai sai a ɗauki lauya. Ɗauka ake yi, kuma a cikinsu akwai na kirki. Amma lauyan haya da abin da ka ba shi yake aiki. Ba zai bar ofishinsa ya yi wata shida yana buɗe fayilolin 1930 ba, ba zai iya karanta wasiƙar ajami da ke cikin adakar kakanka ba, tsoho ɗan shekara 90 kuma ba zai saki jiki ya ba shi labarin da yake ba jikansa ba. Shi kuma malamin tarihi zalla, zai rubuto maka shafi ɗari masu daɗin karatu, lauyan ɗaya ɓangaren ya wargaza su cikin minti goma domin ba a bi ƙa'idar gabatar da shaida ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma ba ranar shari'a ake fara neman hujja ba.

Akwai suka guda da na ɗauka da muhimmanci, domin masana da kansu suna yin ta. Suna cewa lauya wanda ya ɗauke shi yake wa aiki, masanin tarihi kuwa gaskiya yake bi duk inda ta nufa, saboda haka in an haɗa su za a sami mai tsintar abin da ya yi masa daɗi a tarihi ya bar sauran. Haɗarin na nan, ba na musu. Amma maganinsa shi ne cikakken horo a fannin tarihi, inda malamai za su yi ta mayar wa ɗalibi da aikinsa har ya koyi kawo hujjar da ba ta goyi bayansa ba. Kuma ku shirya, domin irin wannan yaro zai gaya mana abin da ba mu so. Zai ce wuri kaza aro aka ba mu, kada mu kai ƙara, mu je mu sabunta zumunci da masu ƙasa. Zai tuna mana cewa an kafa Sabon Garin Kano tun wajen 1913, kuma Ibo ko Bayaraben da aka haifi kakansa a can yana fama da irin ciwon da muke fama da shi a nan, ga kuma abin da ya auku a Arewa a 1966. Duk hujjar da za mu kafa don ɗan Sabon Badun, dole mu yarda ta yi aiki a kan ɗan Sabon Garin Kano. Wanda ba ya son jin wannan, ba adalci yake nema ba, son kai ne ke damunsa. Masu tsoron cewa tono tarihi zai tayar da fitina kuwa, su sani jahiltarsa ce ta fi tayar da ita, domin inda babu tabbataccen labari, na ɗan tasha da na ɗan siyasa ne ke yawo. Ga shi an cire darasin tarihi daga firamare da ƙaramar sakandare tun zangon karatu na 2009/2010, sai a 2022 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da maido da shi. Samarin da ke jifan juna a kasuwa yau, namu da nasu, akasarinsu 'yan wancan giɓin ne.

Saboda haka ga kirana. Sarakunan Hausawa da shugabannin kara da na 'yan goro da na 'yan gwari, kowane babban zango ya buɗe asusu, ya zaɓi yaro ko yarinya ɗaya ko biyu masu kaifin ƙwaƙwalwa waɗanda suka iya Hausa da Turanci da harshen garin da aka haife su, in da hali har da ajami, a ɗauki nauyinsu har ƙarshe, da sharaɗin binciken digirinsu a kan zangonsu za su yi shi. 'Ya'yanmu mata kada a bar su a baya, domin rabin tarihin zango yana cikin gida wurin tsofaffin mata, inda namiji ba ya shiga. Kafin su gama kuma, kowa ya buɗe adakar gidansu, ya ɗauki hoton duk wata tsohuwar takarda da wayarsa, rasiɗi ne ko wasiƙa ko littafin bashin maigida, ya kuma zauna da tsohon gidansu ya naɗi muryarsa tun yana da rai. Ku kuma iyaye, in Allah ya ba ku ɗan da ya ce wannan hanya zai bi, ku sa masa albarka ku bar shi, ko ba ku ba shi ko sisi ba.

Wanda maganata ta ɓata wa rai ya yi haƙuri, ciwon na kowa ne. Allah ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, ya shiryi zuriyarmu, ya sa mu gane tun da sauran lokaci.

Wassalam. Naku, daga Sabo, Badun.